Tubali da Kankare: Tarihin Masallacin Juma'a na Zariya da Makomar Gininmu na Gado



Gabatarwa

A ranar Juma'a, 11 ga watan Agusta na shekarar 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na Masallacin Juma'a na birnin Zariya ya rufto a kan masallata. Aƙalla mutum bakwai suka rasu, wasu da dama kuma suka jikkata. Allah ya ji ƙansu, ya gafarta musu. Mai martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya shaida wa 'yan jarida cewa an ga tsagewa a jikin ginin tun ranar Alhamis, ana cikin shirin kawo injiniyoyi su duba ke nan sai ƙaddara ta riga fata.

Ginin da ya faɗi a wannan rana ya kusa shekara 190 a duniya, kuma masana harkar gini na gida da na waje sun daɗe da amincewa cewa yana cikin mafi ƙwarewar abin da hannun Bahaushe ya taɓa ginawa da ƙasa. Saboda haka manufar wannan lacca ita ce mu bi tarihin masallacin, mu ga yadda aka gina shi, da yadda salon ginin zamani ya riske shi, sa'an nan mu leƙa wasu ƙasashe, har da Japan, mu ga yadda suka fuskanci irin wannan matsala. Daga ƙarshe za mu dawo gida, watau yankin Danja da Funtuwa da Malumfashi, inda tambayar take jiran amsa a kusan kowane gari.

Zazzau Bayan Jihadi

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a shekarar 1804. A 1808 Malam Musa ya shiga Zariya da tutar Shehu, Sarkin Zazzau Makau ya fita ya yi kudu, inda daga baya ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja, wanda a yanzu ake kira Suleja. Malam Musa ya yi sarauta har 1821, Yamusa ya gaje shi har 1834, sa'an nan sarauta ta faɗa hannun Abdulkarim, na gidan Katsinawa, wanda ya riƙe ta daga 1834 zuwa 1846. A zamaninsa ne aka gina masallacin da muke magana a kansa.

Ya kamata mu lura da abin da masallacin Juma'a yake nufi ga shugabannin wancan zamani. Hukuma ce sabuwa wadda ta kafu a kan da'awar gyaran addini da tsai da shari'a, saboda haka dole ne a ga alamar wannan da'awa a tsakiyar birni. Shi ya sa aka gina masallacin daura da fadar sarki, aka kewaye shi da katanga, aka yi masa zaurukan shiga inda ake alwala, aka kuma haɗa masa ɗakin shari'a a cikin harabarsa. Wanda ya shigo ya ga wurin salla da wurin hukunci a cikin katanga ɗaya, ya fahimci manufar daular ba tare da an karanta masa littafi ba.

Babban Gwani da Hikimarsa

Maginin da aka damƙa wa aikin shi ne Muhammadu Durugu, wanda wasu riwayoyi ke kira Malam Mika'ilu, amma laƙabin da ya bi shi har yau shi ne Babban Gwani. Akwai unguwa mai wannan suna a cikin birnin Zariya. Shi ne kuma ake danganta wa ginin Gidan Madaki da ke Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, wanda hukuma ta sa a cikin jerin kayan tarihi na ƙasa. Labarin baka yana cewa wani sarki na Birnin Gwari ya sa aka kashe shi bayan ya gama masa gini, domin kada ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Irin wannan labari ana ba da shi game da manyan magina a ƙasashe da yawa, kuma abin da yake nuna mana shi ne girman matsayin da jama'a suka ba wannan mutum.

Domin mu gane ƙwarewarsa, sai mun san kayan da yake aiki da su. Na farko shi ne tubali, watau curin ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa, aka mulmula da hannu, gindinsa da faɗi, kansa da tsini, aka shanya a rana. Ana jera shi a tsaye, a cike tsakaninsa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango ya tashi da kauri a ƙasa yana sirancewa zuwa sama. Na biyu shi ne azara, wadda ake faskarowa daga giginya, kuma an zaɓe ta ne domin tana da ƙarfi, gara ba ta cinta da sauƙi. Amma azara tana da iyaka: idan aka ɗora mata nauyin rufin ƙasa, da wuya ta haye fiye da kimanin ƙafa shida ba ta lanƙwashe ba. To, ta yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki ɗaruruwan masallata da itacen da iyakarsa ke nan?

Amsar maginan Hausa ita ce bakan gizo. Magini zai dasa azara a jikin bango ko ginshiƙi, ta ɗan karkato ciki, ya ɗaure ta, ya lulluɓe ta da ƙasa, ya bari ta bushe. Sa'an nan ya ɗora wata a kanta wadda ta fi ta karkatowa, ya sake ɗaurewa, ya sake lulluɓewa. Haka zai yi ta yi daga ɓangarori biyu har su haɗu a sama. Idan bakuna da yawa suka gitta juna, sai a sami abin da magina ke kira ɗaurin guga, a shimfiɗa gajerun azara a tsakaninsu, a zuba ƙasa, tulluwa ta tashi. A taƙaice, wannan ƙasa ce da aka sa wa ƙashi a ciki, kamar yadda injiniyan yau yake sa rodi a cikin kankare, kuma Bahaushe ya kai ga wannan dabara ta hanyarsa.

A Masallacin Zariya Babban Gwani ya kai wannan fasaha matuƙa. Ya tsai da manyan ginshiƙai, daga kowannensu bakuna suna fita ta fuskoki dabam-dabam kamar rassan itace, suna ɗauke da tulluwoyi a sama. Ya yi wa ginshiƙan ado da zane mai zurfi wanda aka sassaƙa a jikin ƙasar kanta, layuka da da'irori da kusurwoyi, babu siffar mai rai ko ɗaya. Haske kaɗan ne yake shigowa, saboda haka zanen yakan fito ne ta hanyar inuwa. Daga waje kuwa ginin ba shi da wani ƙawa mai yawa, kamar dai yadda gidan Bahaushe yake ɓoye kyansa a ciki.

Sai dai ginin ƙasa yana da sharaɗi guda wanda ba a ƙetare shi, watau kulawa ta kowace shekara. Ana shafe rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsi na karofi da gashin jima da dafara, domin ya hana ruwa shiga. Ana yaɓe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Kafin damina a share indararo, bayan damina a cike inda ruwa ya zaizaye. Wannan yana nufin masallacin ya dogara ne a kan sana'o'i da yawa: marina da majema da masu faskaren giginya da magina, da kuma jama'ar gari masu fitowa aikin gayya. Duk ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya raunana, ginin zai ji a jikinsa.

Zuwan Siminti da Salon Zamani

Bayan yaƙin duniya na farko wani salon gini ya taso a Turai. Makarantar Bauhaus da aka kafa a Jamus a 1919, da mai zanen gini Le Corbusier a Faransa, su ne suka fi yaɗa shi. Aƙidarsa ita ce a yi gini da kankare da ƙarfe da gilashi, a bar ado, a bar kwaikwayon gine-ginen da, siffar gini ta fito daga aikin da zai yi. Maxwell Fry da Jane Drew suka kawo wannan salo Afirka ta Yamma, suka daidaita shi da zafin ƙasarmu a gine-ginen Kwalejin Jami'a ta Ibadan a shekarun 1950. A Zariya ma, Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962 ta gaji sashen koyar da zanen gini daga kwalejin da ta gabace ta, kuma gine-ginen Samaru shaida ne na wannan salo.

Kayan aikin kuwa jirgin ƙasa ne ya kawo su. Hanyar dogo ta isa Kano a 1911, reshen da ya bi ta Funtuwa zuwa Gusau da Ƙaura Namoda kuma aka shimfiɗa shi a ƙarshen shekarun 1920. Jirgin da ya kwashi auduga da gyaɗa zuwa bakin teku shi ne ya dawo da kwano da siminti. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970 sai abin ya zama kamar ambaliya, har a 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka toshe tashar Ikko wata da watanni. Ginin bulo da rufin kwano ya zama alamar arziki da wayewa, ginin ƙasa kuwa aka fara kallonsa a matsayin alamar talauci.

Manyan biranenmu sun bi hanyoyi dabam-dabam a wannan yanayi. A Kano, a farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kawar da tsohon masallacin ƙasa, aka gina sabo mai ƙubba da hasumiyoyi biyu, wanda kamanninsa suka fi kusa da na ƙasashen Larabawa. A Katsina, hasumiyar Gobarau ce kaɗai ta rage daga tsohon masallacin da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau. A Zariya kuwa, a shekarun 1970, sai aka ɗauki hanya ta tsakiya: aka kawar da sassan waje na tsohon ginin, aka bar ainihin ɗakin salla na Babban Gwani, aka gina sabon masallaci na kankare ya lulluɓe shi, kamar an sa ƙwarya a cikin masaki.

Adalci ne mu yarda cewa waɗanda suka yi haka suna da hujja. Jama'a sun ƙaru, tsohon ɗaki ba ya ɗaukarsu, gyaran kowace shekara yana cin kuɗi da ƙarfi, kuma niyyarsu ita ce su kare aikin Babban Gwani daga ruwan sama. Amma an yi hasara biyu. Ta farko, siffar masallacin ta waje, da zaurukansa da tsarin harabarsa, sun ɓace daga idon jama'a. Ta biyu, wadda ta fi girma, ginin ya fita daga hannun magina na gado ya koma hannun 'yan kwangila, waɗanda iliminsu na siminti ne. Sa'ar da aka yi ita ce masana sun auna ginin sun zana shi kafin wannan canji. Z. R. Dmochowski, mutumin ƙasar Folan wanda ya zo Nijeriya a 1958 ya yi aiki da hukumar kayan tarihi, ya sa an gina kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. J. C. Moughtin ma ya yi bayaninsa a littafinsa kan ginin Hausawa wanda ya fito a 1985.

Darasi Daga Japan

Mutanen Japan suna da addinin gargajiya da ake kira Shinto. Aƙidarsu dabam, tamu dabam, kuma abin da ya kawo su cikin wannan lacca shi ne yadda suke riƙon gini. Mafi girman wuraren bautarsu yana Ise, an gina shi da katako, an rufe shi da ciyawa. Tun shekarar 690 suka ɗauki al'adar sake gina shi bayan kowace shekara 20. Akwai fili biyu kusa da juna: a gina sabo a wannan daidai da siffar tsohon, a ƙaura, sa'an nan a kwance tsohon, a raba katakonsa ga wasu wuraren bauta. Yaƙe-yaƙe sun katse al'adar fiye da shekara 120 a ƙarni na 15 da na 16, amma aka farfaɗo da ita. An yi karo na 62 a 2013, ana shirin na gaba a 2033. Hikimar shekara 20 ita ce kafinta yakan sami shiga aikin sau biyu ko uku a rayuwarsa: yana yaro ya koya, yana magidanci ya yi, yana dattijo ya koyar. Da haka sana'ar ba ta taɓa mutuwa.

Abin mamaki, masu salon zamani da kansu sun yaba wa Ise. Bajamushe Bruno Taut, wanda ya zauna a Japan daga 1933 zuwa 1936, ya ga a cikinsa sauƙi da rashin ado irin wanda suke nema, kuma Kenzo Tange, babban mai zanen gini na Japan, ya haɗu da wani marubuci suka yi littafi a kansa a shekarun 1960. Amma da aka zo gwada kankare a irin waɗannan wurare sai aka ga wani abu. A wurin bauta na Izumo, gobara ta cinye ofishin ma'aikata a 1953. Kiyonori Kikutake ya zana sabo da kankare, aka gama shi a 1963, siffarsa tana tuna wa mutum ragayar da manomansu ke shanya shinkafa a kai. Ginin ya sami lambar yabo, ya shahara. Sai dai ya yi ta yoyo yana lalacewa, har a 2016 aka rushe shi duk da roƙon da ƙungiyoyin masu zanen gini suka yi. Babban ɗakin bautar kuwa, na katako, wanda aka gina a 1744 kuma ake sabunta rufinsa lokaci bayan lokaci, ya ga zuwan ginin kankaren ya ga tafiyarsa.

Daga irin wannan tunani ne aka yi taron Nara a Japan a 1994, inda masana adana kayan tarihi suka amince cewa asalin gini ba a cikin tsofaffin kayansa kaɗai yake ba, yana cikin siffarsa da aikinsa da sana'ar da ke riƙe da shi. Wannan matsayi ya dace da ginin ƙasa ƙwarai, domin bangon da ake yaɓewa kowace shekara kullum sabo ne kuma kullum tsoho ne.

Misalai Daga Maƙwabta

Kada a ce Japan ta yi nisa. A Jenne ta ƙasar Mali, masallacin ƙasa da aka gina a 1907 jama'ar gari ne suke fitowa kowace shekara su yaɓe shi cikin biki. A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, daga baya ya ƙara masa bakuna da tulluwa da hasumiyoyi huɗu, har aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A garin Dandaji, duk a jihar Tawa, da tsohon masallaci ya yi wa jama'a kaɗan, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka zana sabo a kusa da shi da bulon ƙasa da aka matse da inji, tsohon kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu. An gama aikin a 2018. Waɗannan Hausawa ne 'yan'uwanmu, ƙasarsu irin tamu ce, kuma sun nuna cewa ana iya samun masallaci mai faɗi, na zamani, ba tare da an kashe na gado ba.

Komawa Gida

Danja ba ta da nisa da Zariya ta hanyar Hunkuyi, kuma yankin nan na kudancin Katsina ya fi arewacin jihar samun ruwan sama. Albarkar da ke fid da rake da masara da tumatir da auduga ita ce kuma ke cin bangon ƙasa. A garuruwa da yawa, da zarar an sami kuɗin amfanin gona ko gudummawar wani attajiri, abu na farko shi ne a rushe tsohon masallaci a kafa na bulo, ko kuwa a shafe bangon ƙasa da siminti. Wannan shafe yana da haɗari wanda mutane da yawa ba su sani ba. Siminti da ƙasa ba sa miƙewa da tsukewa tare, saboda haka shafen yakan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, bango ya jiƙe daga ciki alhali daga waje yana da kyan gani. Azarar da ke cikin irin wannan bango ruɓewa take yi ba wanda ya gani.

Saboda haka ina gabatar da shawarwari biyar ga ɗalibai da ma'aikata, musamman na ƙananan hukumomi da ma'aikatar ayyuka. Na farko, rai ya fi gini: duk masallacin da aka ga tsagewa a ginshiƙinsa ko bakansa, a dakatar da salla a ƙarƙashinsa nan take har a duba shi. Na biyu, kowace ƙaramar hukuma ta yi rajistar tsofaffin masallatai da zauruka na yankinta, a auna su, a ɗauki hotunansu, a aika wa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ɗora wa alhakin kare irin waɗannan wurare. Na uku, a riƙa duba su sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, kuma injiniya ya tafi tare da Sarkin Magina, domin kowannensu yana ganin abin da ɗayan ba ya gani. Na huɗu, idan jama'a sun yi yawa, a gina sabo a gefe, a bar tsohon ya zama makarantar allo ko wurin karatu. Na biyar, a ɗauki dattawan magina su koyar a makarantun koyon sana'a, a kuma shuka giginya da ɗorawa, domin giginya tana daɗewa kafin ta isa faskare, kuma wanda ya shuka ta jikokinsa yake yi wa.

Kammalawa

Shugaban taro, tarihin Masallacin Zariya ya nuna mana cewa Bahaushe ya mallaki ilimin gini mai zurfi tun kafin buhun siminti na farko ya sauka a tashar jirgi. Ya kuma nuna mana cewa bango da rufi ba su isa su tsare wannan ilimi ba idan masu shi sun ƙare. Kankare kayan aiki ne mai amfani, babu mai cewa a bar shi, amma shi ma yana tsufa, yana kuma bukatar kulawa kamar yadda ƙasa take bukata. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Dattawan da suka san ɗaurin guga da haɗin laso suna raguwa kowace shekara, kuma aikin rubuta iliminsu da koyar da shi yana wuyan waɗanda ke zaune a wannan zaure.

Allah ya ji ƙan Babban Gwani da waɗanda suka rasu a masallacin da ya gina, ya ba mu ikon riƙe amanar da aka bar mana.